Ku Tambaya Mu Amsa: Ta Ina Ake Fara Koyon Tuƙin Jirgin Sama?

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun zo ne a kan magana ɗaya, wato yadda mutum zai fara koyon tuƙin jirgin sama, kuma galibinsu daga cikin birnin Kano suka fito. Mun zaɓi biyar mun taƙaita su, domin amsar da za a ba su za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekaruna 18, na kammala sakandare a bana, kuma na samu kiredit shida, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks. Tun ina ƙarami jirage suke wucewa ta saman gidanmu, ba ni da wani buri da ya wuce in zama matuƙin jirgi. Mahaifina ya ce zai sayar da filinsa ya biya mini. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka roƙi Baba ya dakata da maganar sayar da fili tukuna, domin wurin likita ake fara zuwa kafin a je kowace makaranta. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ita ce take ba da lasisin tuƙin jirgi a ƙasar nan, kuma tana da likitocin da ta amince su riƙa duba matuƙa. Wanda zai yi tuƙi a matsayin sana'a dole ne ya samu takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. Ɗalibi yana iya fara koyo da mai daraja ta biyu, wadda sharuɗɗanta suka fi sauƙi, amma ni ban ga hikimar haka ba ga wanda aiki yake nema, domin akwai ɓacin rai matuƙa a ce sai bayan an kashe miliyoyi sannan a gano wata matsala a zuciya ko a ido da za ta hana mutum ɗaukar fasinja har abada.

Likitan zai auna gani da ji, ya ɗauki hoton bugun zuciya, ya duba hawan jini da huhu, a gwada jini da fitsari. Akwai wani gwaji da yake kayar da matasa masu ƙoshin lafiya ba tare da sun taɓa zato ba, shi ne na rarrabe launi. Za a buɗe maka wani littafi mai cike da ɗige-ɗige masu launuka, a cikin kowane shafi an ɓoye lamba, a ce ka karanto. Wanda idonsa ba ya bambance ja da kore sosai yana iya yin shekara ashirin a duniya bai sani ba, sai ranar da ya ga abokinsa yana karanto lamba a shafin da shi bai ga komai ba. Dalilin tsanantawar a fili yake: fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama kore ce, kuma fitilun da suke gefen titin jirgi da ja da fari suke gaya wa matuƙi ko ya yi sama da yawa ko ya yi ƙasa yayin sauka. Farfaɗiya tana hana samun takardar, haka ma ciwon sukarin da ake yi wa allurar insulin, bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO. Mai rukunin jini AS yawanci ba a hana shi, amma mai cutar sikila ɗin kanta, lamarinsa daban ne. Sai kuma maganar da ba a son faɗa amma ta zama dole a garin nan: duk wanda yake taɓa kodin ko tiramol ko wiwi, to ya sani wannan sana'a ba ta ɗaukarsa, kuma gwajin ba sau ɗaya ake yin sa ba, ana sabunta takardar lafiyar aƙalla sau ɗaya a shekara muddin mutum yana aiki.

Idan likita ya sallame ka lafiya, sai maganar makaranta. Mafi kusa da kai, kuma mafi daɗewa a ƙasar nan, ita ce Kwalejin Fasahar Jiragen Sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, kuma mallakar gwamnatin tarayya ce. Akwai kuma kwalejin Ilorin da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa. Darussan da ka ci su ne ainihin waɗanda ake nema, domin kiredit biyar ake buƙata da suka haɗa da Turanci da Lissafi da Fiziks, sannan a yi maka jarrabawar gwaji da ganawa ta baki. Ba sai da digiri ake shiga ba.

Lasisin hawa-hawa ne. Na farko shi ne na ɗalibi, wanda ake iya samu daga shekara 16. Daga nan sai na tuƙin ƙashin kai, wanda ake kira PPL, mai buƙatar shekara 17 da kimanin sa'o'i 40 a sararin sama, amma ba ya ba mutum damar karɓar kuɗi don ya yi tuƙi. Na sana'a shi ne CPL, wanda ƙa'idar ICAO ta sa wa shekara 18 da sa'o'i 200, ko 150 ga wanda ya yi karatun a jere a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta. A cikin waɗannan sa'o'i akwai tafiyar da ba ta gaza kilomita 540 ba, wadda kai ne shugaban jirgin, kuma sai ka sauka a filaye biyu daban da wanda ka taso. Ana haɗa wa CPL shaidar tuƙi da na'urori kaɗai, wato iya tafiya a cikin gajimare ba tare da ganin ƙasa ba, da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Lasisin ƙoli, ATPL, wanda da shi ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja, sai an kai shekara 21 da sa'o'i 1,500, kuma wannan a bakin aiki ake tara shi, ba a makaranta ba.

Kada ka ɗauka ranar da ka shiga za a miƙa maka jirgi. Watannin farko a aji za ka yi su, kana karanta dokokin sararin sama, da ilimin yanayi, da lissafin hanya da na mai, da yadda inji yake aiki, da yadda fiffike yake ɗaga jirgi, da yadda jikin ɗan Adam yake ruɗar mai shi idan iskar shaƙa ta ragu ko ido ya daina ganin ƙasa. Za ka koma auna tsayi da ƙafa, nisa kuma da mil na teku, wanda yake daidai da kilomita 1.852. A nan ne ake gane wanda ya ci Lissafi da kansa da wanda aka ci masa a cibiyar jarrabawa, kuma ina faɗin haka ne domin a sama babu wanda zai miƙo maka amsa.

Idan aka fita fili, darasin farko ma a ƙasa ake yin sa. Malami zai sa ka zagaya ƙaramin jirgin koyo da takardar bincike a hannu. Za ka durƙusa ƙarƙashin fiffike da ɗan ƙaramin kofi mai haske, ka tsiyayo mai kaɗan, ka ɗaga shi sama ka duba, domin idan ruwa ya shiga tanki za ka gan shi ya kwanta a ƙasan kofin. Za ka duba taya da man inji, ka motsa jelar jirgin da hannunka, sannan ka leƙa wani siririn bututu da ke auna gudun jirgi, saboda zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a cikinsa, kuma idan ya toshe, agogon gudu ƙarya zai riƙa yi maka. Wannan zagaye za ka yi shi kafin kowane tashi har ranar da za ka yi ritaya. Bayan an koya maka miƙewa da juyawa da hawa da gangarowa, sai a shiga zagayen fili, a tashi a kewayo a sauka, a sake tashi, har sai saukar ta zauna a hannunka. Yawanci tsakanin sa'o'i goma zuwa ashirin na koyo, wata rana malamin zai buɗe ƙofa ya fita, ya ce ka je ka yi zagaye ɗaya kai kaɗai. Jirgin zai fi saurin ɗagawa saboda nauyin mutum ɗaya ya ragu, kuma kujerar dama babu kowa.

A takarda, karatun yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, amma ka shirya wa fiye da haka. Ɗalibin farko da ido yake tuƙi, saboda haka idan hazon hunturu ya sauko daga Disamba zuwa Fabrairu har ba a iya hango nesa, sai a ajiye jiragen koyo, wani lokaci kwanaki a jere. Da damina hadari ne yake korar ɗalibai daga sama. Haka kuma ɗalibai sun fi jirage yawa, kuma kowane jirgi yana da lokacin da dole a shigar da shi gyara.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wani ya zo mini da takardu ya ce zai sama wa yarona gurbi a wata makarantar tuƙin jirgi a ƙasar waje, cikin shekara ɗaya ya dawo ya kama aiki. Shin waje ya fi, ko Zariya? Kuma da ya gama aikin yana nan yana jiran sa?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Zan fara da tambayarka ta biyu, domin ita ce mai nauyi. Aiki ba ya jiran kowa, kuma duk wanda ya yi maka alkawarinsa tun yaro bai taɓa jirgi ba, ka yi taka-tsantsan da shi. Wanda ya fito makaranta da CPL ya ƙware ne a kan ƙananan jirage masu kujeru huɗu ko shida, irin su Diamond da ake koyo da su a Zariya. Kamfanonin da muke gani a filin jirgin Malam Aminu Kano, irin su Max Air da Rano Air, da manyan jirage suke aiki, Boeing da Embraer, kuma kowane nau'i yana da tasa shaidar ƙwarewa da sai an je an yi kwas na musamman a kanta, akasari a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, sannan a buga wa mutum ita a lasisinsa. Kamar dai wanda yake da lasisin ƙaramar mota ne ya je neman aikin tirela. Wannan kwas da dala ake biyan sa, kuma sau da yawa matashin ne yake biya da kansa, ko kamfani ya biya masa bisa yarjejeniyar zai yi musu aiki na wasu shekaru. Ko bayan an same ta, kamfani yakan fi son mai sa'o'i da yawa, shi kuma sabon matuƙi ba shi da inda zai tara sa'o'in sai an ɗauke shi.

Mu a Kano mun ga wannan da idonmu. A wa'adin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin jiha ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Sun dawo da lasisinsu, wasu sun samu shiga kamfanoni suna tuƙi a yau, amma da dama sun daɗe suna jira, kuma babban abin da ya tsaya musu shi ne wannan mataki na bayan makaranta. Saboda haka idan za ka yi lissafi, kada ka tsaya a kuɗin makaranta. Ka haɗa da masauki da abinci, da kuɗin jarrabawa, da ƙarin sa'o'in da yaro zai buƙata idan wani darasi ya ƙi zama, da kuɗin shaidar nau'in jirgi, da kuma abin da zai riƙe shi shekara ɗaya ko biyu yana neman aiki, yana sabunta takardar lafiya da lasisi don kada su mutu. Idan kuɗin da ke hannu rabin hanya kawai zai kai, gara a jira ya cika, domin tuƙi abu ne da hannu yake mantawa, kuma ɗalibin da ya tsaya wata shida saboda rashin kuɗi sai ya sake biyan sa'o'in da ya riga ya biya kafin ya dawo inda yake.

Game da waje kuwa, 'yan Najeriya da yawa suna zuwa Afirka ta Kudu da Amurka, kuma gaskiya ne an fi saurin gamawa a wuraren da jirage suke da yawa kuma sama take a buɗe mafi yawan shekara. Sai dai da kuɗin waje ake biya, kuma idan Naira ta faɗi ana tsakiyar karatu, a kanka faɗuwar za ta ƙare. Bugu da ƙari, lasisin wata ƙasa ba ya aiki a jirgi mai rajistar Najeriya, wato mai lambar da ta fara da 5N, sai an kai shi NCAA an cika sharuɗɗanta an mayar da shi na gida. Shawarata ita ce ka ajiye ɗan tsakiyar nan gefe, ka sa a rubuta wa makarantar kai tsaye, ka tabbatar hukumar jiragen sama ta ƙasarsu ta amince da ita, ka nemi a rubuce jirage nawa suke da su masu tashi da ɗalibai nawa, kuma kada ka yarda ka zuba kuɗin gaba ɗaya a tashi guda. Makarantun tuƙi suna rufewa, kuma kuɗin ɗalibai yakan tafi tare da su. A biya mataki-mataki.

Tambaya: Malam, ni mace ce, ina aji biyu na babbar sakandare a fannin kimiyya, kuma ina sa tabarau. Yayyena suna cewa mai tabarau ba ya tuƙa jirgi, balle mace. Daga wata ɗaliba a Tarauni.

Amsa: 'Yata, yayyenki sun yi kuskure a duka biyun. Abin da ƙa'ida take dubawa shi ne yadda kike gani bayan kin sa tabarau, kuma idan ganin ya kai mizanin da ake so, za a rubuta a takardarki cewa dole ki riƙa tuƙi da shi, ki kuma riƙe na biyu a kusa saboda tsaro. Likitan da hukuma ta amince da shi ne zai yanke hukunci bayan ya duba idon, ba 'yan gida ba. Maganar mace kuwa an daɗe da wuce ta. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, a Zariya ta yi karatu, kuma daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. A ɓangaren soja, Blessing Liman, 'yar Jihar Kaduna, ita ce mace ta farko da ta zama matuƙiya a rundunar sojan sama. Hijabi ba ya hana sa abin sauraro a kunne, kuma akwai mata Musulmi masu tuƙi da shi a ƙasashe da dama.

Abin da ya kamata ku zauna da iyayenki ku duba tun yanzu shi ne yanayin aikin kansa, domin akwai kwana a wani gari, da fita kafin asuba, da aiki ranar Sallah, kuma mai juna biyu takan ajiye tuƙi na wasu watanni. Waɗannan abubuwa ne da ake iya tsara rayuwa a kansu idan an yi maganarsu a fili kafin aure. A yanzu dai ki riƙe Lissafi da Fiziks, ki kuma dage da Turancin baki. Da Turanci ake magana da hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage a tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe, kuma ICAO ta raba iya shi zuwa mataki shida, ba a yarda matuƙi ya gaza na huɗu ba. Ba Turancin rubuta insha'i ake nufi ba. Ana so ne idan murya ta shigo ta rediyo da sauri, cikin ƙara, ta ba ki tsayi da alƙibla da lambar titin sauka, ki kama su duka ki maimaita daidai ba tare da inda-inda ba. Yawancin ɗalibanmu a nan suke shan wahala, saboda a makarantunmu an fi karanta Turanci da ido fiye da furta shi.

Tambaya: Malam, mu talakawa ne, ko kuɗin jami'a da ƙyar. Shin akwai hanyar da ɗan talaka zai bi? Daga wani matashi a Ɗorayi.

Amsa: Akwai, ɗana, amma ƙunci gare ta. Hanyar da ba a biyan kuɗin tuƙi ita ce ta sojan sama, ta Makarantar Horar da Hafsoshin Soja da ke Kaduna, wato NDA, wadda ake shiga ta jarrabawar JAMB da tantancewar makarantar. Rundunar tana da makarantar koyon tuƙi ta farko a Kaduna, tana da wata a nan Kano mai amfani da jiragen L-39, waɗanda mazauna kusa da filin jirgi suka san ƙararsu. Sai dai ka sani soja za ka zama kafin komai, ba duk wanda ya shiga ɓangaren sama ake zaɓa ya yi tuƙi ba, kuma ba a ajiye kaki ranar da aka ga dama. Wanda zai shiga don kawai ya samu lasisi ya gudu kamfani, zai sha mamaki.

Hanya ta biyu ita ce tallafin karatu na gwamnati ko na masu hali, wanda ba kullum yake fitowa ba, kuma idan ya fito wanda takardunsa suke a shirye shi yake samu. Ta uku, wadda na fi ganin ana rainawa, ita ce shiga harkar ta wata ƙofa. Kwalejin Zariya tana koyar da gyaran jirgi, da kula da zirga-zirgar jirage daga hasumiya, da tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, da aikin kula da fasinja, kuma kwasa-kwasan nan ba su kai tuƙi tsada ba, domin tsadar tuƙi daga man jirgi da gyaransa take fitowa. Akwai matuƙan da suka fara daga irin waɗannan ayyuka, suna tara kuɗi suna sayen sa'o'i a hankali, kuma suna da fifikon cewa sun riga sun san mutanen da ke ɗaukar aiki.

Tambaya: Malam, shekaruna 36, ina aikin banki, kuma ina da 'yar ajiya. Na makara? Daga wani ma'aikaci a Zoo Road.

Amsa: Yallaɓai, a doka ba ka makara ba, domin ana tuƙa jirgin fasinja mai matuƙa biyu har zuwa shekara 65. A lissafi ne abin yake da wuya, saboda za ka kusa 40 kafin ka gama, sannan ka shiga layin neman aiki tare da yaran da ka girme wa da shekara goma sha biyar, ka fara daga kujerar mataimaki da iyali a wuyanka. Kada ka ajiye aikinka tukuna. Ka je gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, idan ka tsallake ka nemi makarantar da za ta ba ka damar yin PPL a lokacin hutunka. Sa'o'in da ka yi za su shiga littafin tuƙinka, kuma za a lissafa maka su idan daga baya ka yanke shawarar ci gaba zuwa CPL.